Burtali a takarda, burtali a ƙasa

Tun 1993 Nijar take da dokar karkara, kuma a ƙarƙashinta aka kafa kwamitocin filaye har matakin ƙauye, inda mai gari ke shugabantar zaman. A takarda komai ya zauna daram: nan gonaki, nan hurumin kiwo, nan burtali, nan mashaya. Aikin da na yi da irin waɗannan kwamitoci a jihar Maraɗi ya nuna mini cewa zana taswira ba shi ne wahalar ba. Wahalar tana zuwa da ruwan farko, lokacin da manomi ya dubi burtali ya ga ƙasa mai taki tana kwance ba shuka.

Ba na ganin laifinsa gaba ɗaya. Gonar da uba ɗaya ya noma yau 'ya'ya da jikoki ke rabonta, kuma duk shekara ana ƙara yanka ta. Wanda aka ce wa ya janye daga layi biyu na hatsi, abincin gidansa aka taɓa. Shi ya sa karanta masa doka ba ya hana shi shuka. Abin da na ga yana hanawa shi ne a ce da ƙafarsa ya bi iyakar ranar da aka shata ta, tare da dattawan da suka san tsamiyar da ta raba gona da hanyar shanu, liman yana wurin, maƙwabta suna kallo. Turakun siminti da aka kafa bayan irin wannan zagaye suna daɗewa. Waɗanda ma'aikata suka zo da mota suka kafa su kaɗai, kafin kaka sai ka tarar an tumɓuke, ko sun matsa da kansu cikin dare.

Sai batun lokacin taro. Sau da yawa ana zama da damina, makiyaya suna can arewa da dabbobinsu, a ce an wakilce su da wani Bafulatani mazaunin gari wanda shi ma gona gare shi. Idan garke ya gangaro, mai shi bai san an yi wata yarjejeniya ba, balle ya bi ta. Mutanen Maraɗi ba su manta da ƙauyen Toda ba, inda rikicin ɓarnar gona ya ci rayuka fiye da 100 a 1991. Duk da haka kiran arɗo kafin a yanke shawara har yanzu sai an matsa.

Gwaji na gaskiya shi ne ranar da wanda ya ci iyaka ɗan'uwan mai gari ne. Kowa shiru yake yi yana jira. In aka sa shi ya janye, sauran sukan janye ba gardama. In aka kau da kai, baɗi rabin burtalin ya zama gona, kuma ranar sakin gonaki da hukuma ta tsayar ba mai sauraronta, domin shanu ba su da ta inda za su bi su kai mashaya sai ta cikin wake.