Ɗakin taurari na Lugbe

Daga Damagaram na dawo Abuja da iyalina, muka kama haya a Lugbe. Hausa ta ishe ni a kasuwa da masallaci, ko da yake da na ce "lakwal" maimakon makaranta sai a gane daga inda na fito. Har yau sai na mayar da naira sefa a kaina kafin in biya mai shago. A aikin makarantar yara kuwa ba ni da ta cewa, don da Faransanci na yi karatu, su kuma Turanci ake koya musu.

Shi ya sa na yi jinkiri da 'yata ta ce ana neman iyayen da za su raka ajinsu ɗakin kallon taurari na NASRDA, hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, nan kan hanyar filin jirgi. Hukumar da aka kafa a 1999 ce, wadda ta mallaki NigeriaSat-1, tauraron ɗan'adam da aka harba daga Rasha a 2003. Na bi su dai.

Rufin ɗakin kamar ƙwaryar da aka kife yake. Aka kashe fitilu, majigi ya watsa taurari a kansa. Rabin bayanin ya wuce ni, amma Kaza da 'ya'yanta na gane su tun kafin a nuna, abin da hasken lantarkin Abuja ya hana yaran nan sani. Na raɗa wa 'yata sunan, ta raɗa wa ta kusa da ita.

Ita kuma ta fassara min cewa Zara matar wata da Gamzaki na asuba abu ɗaya ne, duniya ce mai zagaya rana, zafinta ya haura digiri 450. Wannan kam kakata ba za ta yarda ba.

Abin da ya fi zauna min shi ne tauraron arewa. Tsayinsa daga ƙasa yana bin nisan gari daga layin da ya raba duniya arewa da kudu: kusan digiri 14 a Damagaram, 9 a Abuja. Wato duk tafiyar nan da shingayen kan iyaka, digiri 5 kawai na sauko da shi.

A mota ta ce, "Baba, malamarmu ta ce ka rubuto mata sauran sunayen da Hausa." Na ce sai na kira yayana a waya, shi ya yi kiwo, ya fi ni saninsu.