Fuskar makashin da ta tsufa cikin shekara uku

Masu son finafinan ban tsoro, ku lura da fuskar robar da makashin ya sa a fim ɗin Halloween kashi na biyu na 1981. Labarin ya ɗora ne daga daren da na farko na 1978 ya tsaya, a garin Haddonfield, amma fuskar ta sauya kama. Kuma ita ce dai ta asali!

Fuskar roba ce ta Kyaftin Kirk, jarumin shirin talabijin na Star Trek, da aka sayo a kanti ƙasa da dala biyu, aka faɗaɗa ramukan ido, aka cire saje, aka fesa mata farin fenti. Irin wannan roba kuwa zufa da zafi da hayaƙi cinta suke yi. Ta sha ajiya a gidan mai shan taba, farin ya dishe ya koma rawaya-rawaya. Ga shi wanda ya sa ta a kashi na biyu, Dick Warlock, ya fi Nick Castle, wanda ya sa ta a na farko, gajarta da faɗin fuska, sai robar ta miƙe ta yi kumatu.

A ganina kwarjinin na farko ya fi. Jinin da aka ƙara a asibitin da labarin kashi na biyu ya gudana bai maido shi ba.