Darussan da Na Koya a Nazarin Iskar Duniyoyi da Hasken Infirared

Lokacin da na fara aiki da bayanan hasken infirared domin nazarin iskar da ke lulluɓe da duniyoyi, na ɗauka wahalar aikin duk tana cikin nisan abin da ake hange. Ban daɗe ba na gane cewa matsalar da ta fi girma tana nan kusa da mai binciken, cikin madubin na'urarsa ta hangen nesa da cikin iskar da ke bisa kansa.

Dalilin a fili yake. Infirared hasken zafi ne, kuma ta ma'aunin zafi masanin taurari William Herschel ya gano shi a 1800, lokacin da ya ga ma'aunin ya hau a gefen jan launi, inda ido ba ya ganin komai. Duk abin da ke da ɗumi yana fitar da wannan haske, har da madubin da ginin da ke kewaye da shi, don haka mai neman hasken wata duniya a tsawon zangon haske na maikiron 10 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na mita) kamar mai son jin raɗa ne a tsakiyar hayaniya. Shi ya sa ake sanyaya na'urorin matuƙa. Na'urar auna infirared mai suna MIRI da ke cikin madubin James Webb na sararin samaniya, wanda aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, tana aiki ne a sanyin da ya yi ƙasa da Kelbin 7, wato kusan digiri 266 na Selshiyos ƙasa da sifili. A doron ƙasa kuwa ana hawa tsaunuka irin Mauna Kea na Hawaii mai tsayin kusan mita 4,200 domin a bar yawancin tururin ruwa a ƙasa, sannan a ɗauki hoton abin da ake so, a ɗan karkatar da madubin a ɗauki sararin da ke gefensa, a cire wannan daga wancan.

Darasin da ya fi zauna mini a rai na same shi ne ta hanyar kuskurena. Ina duba bakan hasken Mars, wato zanen da ke nuna ƙarfin haskenta a kowane tsawon zango, sai na ga rami a kusa da maikiron 3.3, daidai inda iskar gas ta mitan (methane) take shanye haske, na kuwa yi murna har na fara rubutu. Mai kula da aikina ya yi mini tambaya ɗaya tak: mitan ɗin wa na gani? Iskar duniyarmu ma tana ɗauke da mitan, kuma hasken Mars sai ya ratsa ta kafin ya isa madubi. Da na kwatanta da bakan wani tauraro da aka auna a daren, ramin ya kusan ɓacewa. Daga nan na koyi cewa ana zaɓar lokacin da Mars take kusantarmu ko take nisantarmu da sauri, domin wannan tafiya tana gusar da layukan mitan ɗinta a bakan haske kaɗan daga namu, yadda za a iya raba su.

Wannan tarko ba ɗalibai kaɗai yake kamawa ba, kuma ina ganin hakan ya sa batun mitan a Mars ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. A 2009 an wallafa rahoton gano shi da madubai na Mauna Kea, motar bincike ta Curiosity da ke kan Mars ma ta ba da rahoton ɗan kaɗan daga baya, amma kumbon ExoMars na Turai da Rasha da ke kewaya Mars ya duba bai gan shi ba, kamar yadda aka sanar a 2019. Ba na zargin kowa da sakaci. Abin da ake aunawa ƙanƙane ne ƙwarai.

Shi ya sa sakamakon 2022 na WASP-39b, wata duniya da ke kewaya wani tauraro ba ranarmu ba, ya taɓa ni sosai. Yayin da wannan duniya take gilmawa ta gaban tauraronta, Webb ya ga alamar kabon dayoksaid ƙarara a maikiron 4.3, wurin da kabon dayoksaid ɗin iskarmu yake toshe wa madubin ƙasa hanya. Na daɗe ina kallon wannan zane, domin yankin da a bayanaina na ƙasa nake sharewa in wuce, shi ne a can ya fito tsaf, daga nisan kusan shekarun haske 700.