Abin da rahoton faifai ta imel ba ya faɗa maka

Haɗa rahoton da ke nuna yadda faifan ajiyar kwamfuta ke cika ba wani abin wahala ba ne. A Linux, layi ɗaya mai farawa da 0 7 * * * a crontab, wato jadawalin ayyukan da manhajar cron ke gudanarwa da kanta, ya isa ya sa df -hP, umarnin da ke nuna cikar faifai, ya yi aiki ƙarfe bakwai na kowace safiya, umarnin mailx ya aika maka sakamakon ta imel. Matsalar tana wajen dogaro da rahoton ido rufe.

Kaso kaɗai ba ya nuna haɗari. Faifai mai 20GB da ya kai kashi 90 saura masa 2GB, kuma fayilolin /var/log, inda manhajoji ke rubuta abin da ke faruwa, za su iya lamushe wannan a dare ɗaya idan wata manhaja ta rikice tana maimaita kuskure. Mai 4TB kuwa a wannan matakin yana da sauran 400GB. Shi ya sa ya fi kyau ka adana adadin jiya, rahoton yau ya faɗi abin da ya ƙaru. A ganina wannan lambar ta fi kason amfani nesa ba kusa ba, domin ita ke nuna kwana nawa suka rage.

Akwai kuma cikar da df -h ba ya gani. Idan ƙananan fayiloli suka yi yawa, inode, wato gurbin rajistar da kowane fayil ke cin guda, na iya ƙarewa alhali sarari na nan birjik, sai rubutu ya tsaya cak. Saka df -i, mai ƙirga inode, cikin rahoton. Haka nan tsarin ajiyar fayiloli na ext4 kan keɓe kashi 5 ga root, wato asusun mai cikakken iko, don haka sauran masu amfani kan rasa wurin rubutu tun faifan bai cika ba.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne a goge babban fayil amma sarari ya ƙi dawowa. Dalili shi ne wata manhaja tana riƙe da shi a buɗe, df na ƙirga shi, du, umarnin da ke auna girman fayiloli, ba ya ganin sa. Umarnin lsof +L1 zai nuna maka manhajar da ke riƙe da shi, ka sake tayar da ita. Nan gaba ka yi amfani da truncate -s 0, mai kwashe abin da ke cikin fayil ya bar shi fanko, maimakon rm mai goge shi, ko ka bar wa logrotate, manhajar da ke rage fayilolin /var/log, aikin.

Shi kansa cron yana da tarko. PATH ɗinsa, wato jerin wuraren da yake neman umarni, gajere ne, don haka rubuta cikakken adireshin kowane umarni, kuma alamar % a crontab sai an sa mata \ a gaba, in ba haka ba layin ya yanke.

Kada ka ɗauki shiru a matsayin lafiya. Idan /var ya cika, Postfix, mai aika imel, wanda a can yake tara saƙonni, ba shi da inda zai ajiye saƙon kafin ya tura, gargaɗin ya maƙale daidai lokacin da ake buƙatarsa. Don haka a raba aikin biyu: taƙaitaccen rahoto kullum, wanda rashin zuwansa alama ce, da kuma dubawa kowane minti 15 mai aika gargaɗi tun daga kashi 80, a maimaita shi ne kawai idan adadin ya ƙaru.