Abin da jadawalin basussuka ya koya mini game da bashi mai sauƙi

Na yi shekaru a sashen kasafin kuɗi na wata jiha, kuma cikin aikina har da cike jadawalin basussukan waje. Kowane bashi da layinsa: wanda ya bayar, ranar sa hannu, kuɗin ruwa, shekarun da aka ɗaga ƙafa kafin a fara biyan uwar kuɗi, da shekarar da za a gama. Masu zuwa neman bayani, 'yan majalisa ne ko 'yan jarida, tambayarsu ɗaya ce: nawa ake bin mu? Da wuya ka ji wanda ya tambayi sharaɗin da aka ciwo shi a kai. Alhali ƙasashe biyu za su iya cin bashin dala biliyan ɗaya kowacce, ɗaya ta biya ba ta ji a jikinta ba, ɗayar kuwa ta rasa albashin malaman makaranta saboda shi.

Maigidana a wurin aiki dattijo ne da ya ga zamanin SAP, shirin tsuke bakin aljihu na shekarun 1980, da idonsa. Idan na kai masa takardar sabon bashi ina murnar cewa ruwansa kaɗan ne, sai ya ce, "Ɗana, ruwa ka gaya mini, ba ka gaya mini yaushe za a biya ba." Shi ya zaunar da ni ya nuna mini lissafin da ake auna sauƙin bashi da shi. Kuɗin da za ka biya nan da shekara 30 bai kai nauyin wanda za ka biya gobe ba. Idan aka auna da ma'aunin kashi 5 cikin ɗari a shekara, dala 100 ta shekara 30 mai zuwa kimanin dala 23 ce a yau. Sai a tattara duk abin da za a biya, ruwa da uwa, a mai da shi darajar yau, a cire daga abin da aka karɓa. Ragowar shi ne kason kyauta da ke cikin bashin. Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya suna kiran bashi mai sauƙi idan wannan kaso ya kai 35 cikin ɗari, kuma tun 2013 suke aiki da ma'aunin kashi 5. A da, ƙasashe masu ba da agaji na OECD, ƙungiyar ƙasashe masu arziki, sun daɗe suna aiki da wani ma'auni daban, na kashi 10, inda kason kyauta 25 ya wadatar.

Bambancin ma'aunan nan ba ƙaramin abu ba ne. Ɗauki basussukan da Najeriya ta ci daga bankin Exim na China, irin dala miliyan 500 na layin dogon Abuja zuwa Kaduna: ruwa kashi 2.5, a biya cikin shekara 20, da ɗaga ƙafa ta shekara 7. Da na buga lissafin da tsohon ma'aunin kashi 10, kason kyautar ya haura rabi. Da na sake bugawa da kashi 5, sai ya sauko wajen 24, bai kai 35 ɗin ba. Bashi ɗaya, takarda ɗaya. Dokarmu ta kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 kuwa ta ce bashi mai sauƙi shi ne wanda ruwansa bai wuce kashi 3 ba, don haka a idonta wannan ya haye. Shi ya sa idan jami'i ya tsaya gaban jama'a ya ce bashin da za a ciwo mai sauƙi ne, ba lallai ƙarya yake ba, amma sai an tambaye shi da wane mudu ya auna.

Abin da ya fi daɗewa a raina shi ne yadda sharuɗɗan ke sauyawa a tsawon shekaru ba tare da an yi shela ba. Kafin ƙarshen shekarun 1970 bashin wajen Najeriya kaɗan ne, akasarinsa daga gwamnatoci da hukumomin raya ƙasa. A 1978 aka shiga kasuwa aka ciwo dala biliyan ɗaya daga bankunan 'yan kasuwa, jihohi da 'yan kwangila suka bi sahu da odar kaya a kan bashi. Da babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa har ya doshi kashi 20 a farkon shekarun 1980, farashin mai kuma ya faɗi, sai biya ya gagara. Ruwa ya hau kan ruwa, tara ta hau kan tara. Zuwa 2004 ana bin ƙasar kusan dala biliyan 36, kuma babban kaso na abin da ƙasashen Paris Club, ƙungiyar gwamnatoci masu ba da bashi, ke bi ba sabon kuɗi ba ne da ya shigo aka yi aiki da shi, tarin abin da aka kasa biya ne. A Oktoban 2005, lokacin da Ngozi Okonjo-Iweala ke ministar kuɗi, aka yafe dala biliyan 18, Najeriya ta biya kimanin biliyan 12, aka rufe littafin a 2006. Abin da ya rage bai kai biliyan 4 ba, kuma mafi yawansa na hukumomi ne irin su IDA, reshen Bankin Duniya mai ba ƙasashe matalauta rance.

Shekarun da suka biyo baya su ne lokacin da bashinmu ya fi sauƙi, kuma ba su daɗe ba. A Janairun 2011 aka sayar da takardun Eurobond na farko, wato takardun cin bashi da kuɗin waje a kasuwar duniya, dala miliyan 500 a kan ruwa kashi 6.75. Aka sake a 2013, aka yawaita a 2017 da 2018, aka ciwo biliyan 4 a 2021, sai biliyan 1.25 a Maris na 2022 a kan kashi 8.375. Kafin a ankara bashin waje ya haura biliyan 40, kimanin kashi ɗaya cikin uku na kasuwa ne. A lissafin maigidana irin wannan bashi ba shi da kason kyauta ko kaɗan. Ghana ta bi hanya mai kama da wannan: an yafe mata bashi a 2004, ta shiga kasuwa a 2007 da dala miliyan 750 a kan kashi 8.5, a Disambar 2022 ta dakatar da biyan akasarin basussukanta na waje.

Ba na cikin masu cewa duk wanda ya je kasuwa ɓarawo ne ko wawa. Na ga dalilin da ke kai gwamnati can. Bashin hukumomi yana da jinkiri, takardu kan takardu, kuma yana zuwa da sharuɗɗan yadda za a kashe shi. Na China yawanci a ɗaure yake da kamfanin China da zai yi aikin. Kuɗin kasuwa kuwa cikin makonni ya shigo, ba mai tambayarka me za ka yi da shi. Ga kuma wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba: ƙofar sauƙin kanta tana ƙanƙancewa. Bashin IDA a farkonsa shekara 50 ne, babu ruwa sai ladan hidima na kashi 0.75. Daga baya ya koma shekara 40 da ɗaga ƙafa 10, a 2014 ya koma 38 da ɗaga ƙafa 6. Najeriya ma ba wannan take samu ba, tana rukunin ƙasashen da ake ganin sun ɗan tasa, don haka wa'adinta ya fi gajarta kuma akwai ruwa a kan ladan hidimar. Da zarar alƙaluma sun nuna ƙasa ta ƙara arziki, sai a tsaurara mata, ko da kuwa harajin da take tarawa bai taka kara ya karya ba.

A matakin jiha na koyi wani darasi da lissafin kason kyauta ba ya nunawa. Jiha ba ta cin bashin waje da kanta, gwamnatin tarayya ce ke karɓowa ta miƙa mata, sannan a riƙa cirewa daga kasonta na wata-wata tun kafin ya iso. Bashin da dala yake, ko da wani kuɗin waje, kuɗin shigarmu kuwa naira ne. Wanda aka ciwo lokacin da dala ke wajen naira 150 zuwa 160, yau ana biyansa bayan dala ta haura naira 1,500 a 2024. Ruwan bai motsa ba, amma abin da ake cirewa ya ninka kusan sau goma. Sai kuma jinkirin aiki. Shekarun ɗaga ƙafa suna fara tafiya ne tun daga amincewa da bashin, ba sa jiran a haƙa rijiyar farko. Na ga aikin ruwan sha da ya cinye yawancin waɗannan shekaru ana taƙaddamar kwangila da jiran kason da jiha za ta zuba, har lokacin biyan uwar kuɗi ya gabato famfo bai kawo ruwa ba. Abin ya yi mini ciwo, domin sauƙin da aka ba mu na gaske ne, mu muka bar shi ya zube.

Saboda haka idan takardar neman amincewa da bashi ta je gaban majalisa, ina so a ga an rubuta kason kyautarsa da ma'aunin kashi 5, da kuɗin da za a biya da shi, da abin da za a riƙa cirewa duk shekara idan naira ta sake faɗuwa, kuma a jera shi kusa da basussukan shekarun baya don a ga inda aka dosa. Ofishin Kula da Basussuka, wanda aka kafa a 2000, yana wallafa alƙaluma da yawa, amma ba kasafai ake jera su ta wannan fuska ba. A Disambar 2024 Najeriya ta ciwo dala biliyan 2.2 a kasuwa, biliyan 1.5 daga ciki a kan ruwa kashi 10.375 na shekara 10. Ruwan wannan kaɗai ya haura dala miliyan 155 duk shekara, wato cikin shekara goman za a biya fiye da abin da aka karɓa, sannan a Disambar 2034 a biya uwar kuɗin gaba ɗaya a rana guda.