Bencin Ranar Talata

Ba zan faɗi sunansa ba, ɗan fari ne. Wannan kaɗai ya rage mini daga kunyar ɗan fari da aka tarbiyyantar da mu a kai, sauran duk lalura ta kwashe. Ni ke goya shi, ni ke yi masa wanka, ni ke ba shi abinci a baki ko a gaban surukaina ne, kuma yau shekara tara ke nan.

A 2016 na haife shi, lafiya lau, ya canyara kuka kamar kowane jariri. Ina gidanmu wankan jego, kwana na uku ƙanwata ta ce, "Yaya, idon yaron nan fa kamar ya yi rawaya." Inna ta duba ta ce shawara ce, yawancin jarirai suna yi, a riƙa fito da shi da hantsi ya sha rana. Muka yi hakan. Kayan sawarsa kuwa suna cikin akwati an zuba musu kafur saboda kyankyaso. Kwana na biyar ya ƙi kama nono, yana wani irin kuka mai tsini, yana banƙarewa ta baya. Cikin dare muka isa asibiti. Aka sa shi ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske, aka yi masa canjin jini. Ranar suna muna kan gadon asibiti, a gida aka yanka rago ba mu nan.

Sai daga baya wani likita ya zaunar da mu ya yi mana bayani. Abin da ke sa jikin jariri rawaya, idan ya taru da yawa a jini, yakan haura ƙwaƙwalwa ya taɓa wurin da ke sarrafa motsi da kuma ji. Ya ce akwai jarirai, galibi maza, da ake haifa da ƙarancin wani sinadari mai suna G6PD, su kafur yana farfasa musu ƙwayoyin jini, shawarar ta yi tsanani cikin kwana ɗaya ko biyu. Ban taɓa ɗora wa Inna laifi ba. Haka ta rene mu, mu bakwai, kuma ba wanda ya taɓa gaya mata. Amma tun daga ranar, duk gidan da na je barka sai na leƙa idon jariri, sai na tambayi abin da ke cikin akwatin kayansa. Wasu suna jin haushi, ni kuma ban fasa ba.

Ya yi wata shida bai tsai da wuya ba, ya shekara bai zauna ba. Nan maganganu suka fara. Wannan ta ce taɓin aljanu ne, waccan ta ce sammu, wata tsohuwa kuma ta ja ni gefe ta ce ɗan ruwa ne, a kai shi bakin kogi ya koma inda ya fito. Maigidana da ya ji, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Ɗana ne, ba inda za a kai shi." Na san matan da ba su samu wannan kalmar ba, takardar saki suka samu. Mun sha rubutu, mun yi hayaƙi, mun sayar da ɗan kunnena na aure. Addu'a har gobe muna yi, ita ce ta riƙe mu. Abin da nake ciwo a kai shi ne kusan shekara biyu da muka ɓata ba wanda ya nuna mana ƙofar da ta dace.

Wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ce ta ce, "Ki kai shi gashi." Ni a zatona wuta za a gasa masa. Da muka je sashen gashin ƙashi, sai na tarar da katifu a ƙasa, da manyan ƙwallaye, da wata matashiya mai farar riga. Ta karɓe shi ta jujjuya, ta dube ni ta ce, "Maman yaro, ni minti talatin nake da shi a mako, sauran duk naki ne. Don haka ke zan koya wa."

Abin da ta fara gyara mini ciyarwa ce. Da can kwantar da shi nake a cinya, kansa a baya, in ɗura masa kunu tsararo. Kullum sai ya ƙware, sau biyu ana kwantar da mu saboda ciwon haƙarƙari, ban san abincin ne ke zarcewa huhu ba. Ta zaunar da shi a jikina, bayansa a ƙirjina, haɓarsa ta ɗan sunkuyo. Ta ɗora yatsana ɗaya ƙarƙashin haɓarsa, ɗaya ƙasan leɓensa. Ta ce kunun ya yi kauri, cokalin ƙarami, in ɗan danna harshe in jira, kada in goge cokalin da haƙoransa. "Ki ƙirga har ya haɗiye, kada ki yi sauri." Cin abinci ɗaya ya koma ɗaukar minti arba'in. Amma tun daga wannan shekarar ba a sake kwantar da mu saboda ƙirji ba.

Ita ce kuma ta zana mini kujera a bayan takardar magani. Na kai wa kafintan layinmu, ya juya takardar ya ce, "Hajiya, wannan kujera ce ko akwati?" Katako biyu ne da suka haɗu suka yi kusurwa a baya, da ɗan turke tsakanin cinyoyi don kada ya zame, da faifan katako a gaba inda zai ɗora hannu. Na ɗinka mata soso da ragowar atamfa. Ranar da muka zaunar da shi a tsakar gida, shekararsa uku, kuma duk rayuwarsa rufin ɗaki yake kallo ko bayana. Kaji suka zo wucewa. Ya bi su da ido tun daga bakin murhu har gindin rijiya, sai ya ƙyalƙyale da dariya har miyau na zuba. Babansa ya shige ɗaki, ya daɗe bai fito ba.

A kan wannan faifan ne muka gane ashe yaron nan kansa cike yake. Jinsa ya ragu, an gwada an tabbatar, maganarsa kuma ba ta fita, amma na yanko hotunan kofi da kwano da fo na manna a kwali, yana buga wanda yake so da dunƙulen hannu. Yanzu hotunan sun kai talatin. Akwai na babansa, shi ya fi shan bugu.

To amma abin da na zauna rubutawa a kansa ba ɗakin gashin ba ne, bencin da ke ƙofarsa ne. Kowace Talata mukan jeru a kai, kowa da nata a baya ko a cinya. Akwai mai zuwa daga Wudil, akwai ta Bichi, akwai wadda ke baro Ringim bayan sallar asuba. A kan bencin nan na koyi cewa ba a tsai da maganin farfaɗiya kwatsam don an ga sauƙi, na san kantin da ya fi rangwame, aka nuna mini yadda ake ɗinka kunzugun manyan yara wanda ake wankewa, tunda na kanti ya fi ƙarfinmu. A nan ne kaɗai mace za ta ce ta gaji, ba wanda zai ce mata ta yi butulci ga Allah. Wata ta taɓa ce mana shekara huɗu rabonta da gidan biki ko gaisuwar mutuwa, 'yan'uwa har sun daina gaya mata. Ba wadda ta yi mamaki a cikinmu.

Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na Adaidaita Sahu suka yi tashin gwauron zabi, bencin ya fara yin fili. Ta Ringim ta koma zuwa sau ɗaya a wata, daga baya muka daina ganinta. Yaron da ya fi ƙarfin goyo ba a hawa motar haya da shi cikin cunkoso, sai an ɗauki shata. Nawa yanzu kilo 21 ne. Bayana ya san wannan lissafin fiye da sikeli.

Na san akwai doka. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci. Ta ba su haƙƙin karatu kyauta har sakandare da kula da lafiya ba tare da nuna bambanci ba, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su yi hanyar keken guragu, kuma a 2020 aka kafa hukumar ƙasa ta masu nakasa. Na yi murna da ita, har yanzu ina yi, domin abin da ke rubuce ana iya tsayawa a neme shi. Sai dai da na ɗauki ɗana na je wata makaranta kusa da mu, shugabar ta karɓe ni da mutunci, ta ce, "Wallahi Hajiya ba ƙi muka yi ba. Wa zai kai shi banɗaki? Malama ɗaya ce a kan yara fiye da saba'in." Ban iya ce mata komai ba, don gaskiya ta faɗa. Makarantar Tudun Maliki kuwa ta kurame ce da makafi, kuma tana yi musu amfani. Irin nawa, mai fahimta amma ba ya riƙe fensir, ba ya zama sai da kujerarsa, shi ne har yau ban samo masa aji ba.

Abin yakan ba ni tunani. A Kano makafi suna da sarkinsu, guragu suna da nasu, waɗanda shan-inna ta taɓa sun haɗa kai suna ƙera kekunan hannu suna sayarwa. Manya ne, suna da baki, sun nema wa kansu. Yaran da ke kwance a ƙuryar ɗaki ba su da mai magana sai iyayensu mata, su kuma ba su da sararin fita ƙofar gida. Shi ya sa idan an tashi taimako sai a kawo buhun shinkafa da azumi, ko keken guragu na manya wanda yaro zai zame ta ƙasa. Allah ya saka wa masu bayarwa, muna karɓa muna ci. Amma da an tambaye ni, ɗaki ɗaya zan roƙa a asibitin sha-ka-tafi na unguwa, da katifu, da mata biyu da aka horar, da likitan gashi mai zagayowa ko sau biyu a wata, inda uwa za ta ajiye ɗanta daga safe zuwa azahar ta je ta nemi na abinci. Jami'ar Bayero (BUK) tana yaye masu gashin ƙashi, tana da sashen koyar da ilimin masu buƙata ta musamman, ma'aikatan ba daga wata ƙasa za a nemo su ba. Masu fitar da zakka da masu neman inda za su yi waƙafi, ga wuri.

Kafin a samu hakan, mu huɗu daga bencin da unguwanninmu ke kusa mun fara karɓa-karɓa. Sau ɗaya a mako, uku su kawo yaransu gidan ta huɗun, biyu su zauna da yaran, biyu su tafi sabgarsu, mako na gaba a juya. Kowa ta rubuta lokacin maganin ɗanta a jikin leda. Ba kullum yake tafiya daidai ba, wani lokacin ciwo ya hana, wani lokacin kuɗin mota. Ranar da nawa hutun ya fara zagayowa, na je kasuwar Kwari sayen yadi, na tsinci kaina ina tafiya a sunkuye, hannuna ɗaya a baya yana tallafe da yaron da ba ya nan.

Akwai abin da ke hana ni barci, wanda kowace mace a bencin ta sani ko ba a faɗa ba: idan ƙarfina ya ƙare ko na riga shi tafiya, wa zai ɗauka? Ƙanwarsa shekararta shida, ta iya riƙe masa haɓa idan yana shan ruwa, kuma ita ta fi kowa gane abin da yake nufi. Ina jin daɗin hakan, amma ba na son in ɗora wa yarinya abin da ya kamata gari ya taya ɗauka.

Kujerar ta uku ma ta yi masa kaɗan, gwiwoyinsa suna tokare faifan. Jiya kafinta ya zo da tef ɗinsa ya sake aunawa. Ya ce wannan karon zai sa mata tayoyi, ya samo na tsohon keken yara, don a riƙa tura shi zuwa zaure da yamma lokacin da yara ke dawowa daga Islamiyya.