Abin da safar yaran Turawa ta koya mini game da ɗinki

A kwas ɗin tarihin sutura da muka yi, an raba wa kowane ɗalibi batun da zai bincika. Ni abin da ya faɗo mini shi ne yadda Turawa suke riƙe doguwar safar yaransu kada ta zame, daga wajen 1870 zuwa 1960. Abokan karatu sun yi mini dariya, har wani ya ce gara a ba shi tarihin tsumma. To amma ni tela ne kafin in zama ɗalibi, kayan makaranta na yara nake ɗinkawa, kuma har yau ban yi wani bincike da ya taɓa aikin hannuna kamar wannan ba.

Da farko sai mutum ya gane dalilin safar. A Jamus da Ingila da Rasha da arewacin Amurka, yaro namiji a wancan zamani gajeren wando yake sawa har ya kusa balaga, mace kuma riga iya gwiwa. Ga sanyi mai ƙanƙara, ga kuma al'adar da take ganin barin ƙafa a waje rashin kamun kai ne. Sai aka rufe ƙafar da safa mai tsawo wadda take wuce gwiwa ta kai cinya. Da ulu ake saƙa ta ko da auduga, kuma irin wannan saƙa in ta buɗe ba ta cika komawa yadda take ba. Yaro ya durƙusa sau biyu, ya yi tsalle, safa ta saki, ta gangaro ta taru a idon sawu.

Dabarar da aka gada tun da daɗewa ita ce a ɗaure ta a ƙafa da ƙyalle ko igiya. Ga babban mutum wannan yana yi, domin yana da tsokar sha-raɓa da za ta tare ɗaurin idan an yi shi a ƙasan gwiwa. Da roba ta shigo sai aka ɗauka an huta. Thomas Hancock ya yi rajistar maɗauran roba na safa da safar hannu a Ingila a 1820, sannan Charles Goodyear ya samu rajistar hanyar dafa roba da farar wuta a Amurka a 1844, abin da ya hana ta yin danƙo da zafi ko ƙagewa da sanyi. Aka fara yin zoben roba da ake zurawa a cinya. Sai dai ƙafar yaro ƙarami kusan miƙaƙƙiya ce, ba ta da tudun da zai tare komai. In zoben ya yi sako-sako, ya zame tare da safar. In an matse shi yadda zai riƙe, ya bar shaida ja a fata, kuma likitocin lokacin sun yi ta gargaɗi cewa yana takura gudun jini.

A nan na tsaya na daɗe, domin a nan darasin yake. Kowace tufa tana da wurin da take rataye a jiki. Ko dai kafaɗa, ko ƙugu, ko kuma ta matse wata gaɓa. Babbar mace tana iya ɗaura ɗamara a ƙugu ta rataya safa a jikinta, saboda kwankwaso zai tare ɗamarar. Ɗan shekara huɗu ba shi da wannan. Cikinsa ya fi kwankwasonsa faɗi, duk abin da aka ɗaura masa a tsakiya ƙasa zai yi. Masu ɗinkin wancan zamani suka duba jikin yaro suka ga wuri ɗaya ne tak mai iya ɗaukar nauyi ba tare da an matse shi ba, wato kafaɗa. Wannan ya zo daidai da kiran da masu neman gyaran sutura suke yi, irin ƙungiyar Rational Dress Society da aka kafa a Landan a 1881, waɗanda suke adawa da tufafin da suke matse jiki.

Abin da ya fito daga wannan tunani wata 'yar riga ce ta ciki marar hannu, kamar singileti mai kauri, wadda ake sawa a ƙarƙashin kaya. A gefen ƙasanta akwai maɓallai ko madaukai, daga nan igiyoyin roba suke sauka su kama bakin safar. A Amurka kamfanin Ferris Brothers na Niyok ya yi suna da irinta tun shekarun 1880, kamfanin George Frost na Boston kuma yana sayar da maƙalai masu suna Velvet Grip. A Ingila kamfanin Symington da ke garin Market Harborough ya fara yin wadda ake kira Liberty Bodice a 1908, ya kuma shafe fiye da shekara hamsin yana sayar da ita. Jamusawa suna ce wa tasu Leibchen. A Tarayyar Sobiyet ma yara maza da mata sun sa irinta har cikin shekarun 1960.

Na zauna da hotunan waɗannan riguna ina ƙare musu kallo da idon tela, kuma sai da na sara wa waɗanda suka zana su. Yadin rigar saƙaƙƙe ne mai laushi, wanda in aka rataya masa nauyi zai miƙe ya lalace. Don haka sai suka ɗinka siraran ƙyallaye masu ƙarfi a kansa, tun daga kafaɗa har ƙasa, aka dasa maɓallan a kan ƙyallayen. Ke nan idan safa ta ja, jan yana bin ƙyallen ne ya hau kafaɗa, yadin bai san ana yi ba. Maƙalin safar shi ma akwai hikima a ciki: wani ɗan ƙullutun roba ake sawa a ƙarƙashin bakin safar, sannan a zura madaukin ƙarfe a kansa, ya kama zaren ba tare da ya huda shi ba. Igiyar tana da abin ragewa da ƙarawa, saboda yaro girma yake yi kuma ba kowace uwa ce za ta sayi sabuwa duk shekara ba. Wasu rigunan ma har da ƙarin maɓallai a tsakiya, inda ake maƙala wando ko siket, duk dai don kafaɗa ta ɗauki komai.

Wani abu da ya fi burge ni shi ne maɓallan roba da Ingilishi suka riƙa sa wa tasu. A gidajen lokacin, bayan wanki ana tura kaya tsakanin gungume biyu masu juyawa don matse ruwa, kuma wannan inji yana farfasa maɓalli mai tauri. Wanda ya zaɓi roba ya yi tunanin ranar wanki tun yana kan teburin yanka. Mu nan sau nawa muke tambayar kanmu yadda za a wanke abin da muka ɗinka? Uwa za ta dirje kayan makaranta da hannu, ta murɗe, ta shanya a rana mai zafi, wani lokacin a buga da dutsen guga na gawayi. Robar da ba za ta jure wannan ba, ko ta yi kyau a shago, bayan zango ɗaya ta mutu.

Sai dai duk wannan gwaninta ba ta sa yaran sun so abin ba. Tsofaffin Jamusawa da Ingilishi da suka rubuta tarihin ƙuruciyarsu kusan bakinsu ɗaya. Ulu yana ƙaiƙayi. Tsakanin bakin safa da ƙafar wando akan bar wani ɗan fili a cinya inda sanyi yake shiga. Maɓallan roba suna wahalar ɓallewa da yatsun da sanyi ya ƙage, kuma bayan wanki da yawa su ma sukan yi laushi su yi danƙo. Yara maza kuwa, da zarar sun fara wayo, kunya take kama su idan igiyar ta leƙo ta ƙasan wando, domin ta yi kama da kayan mata. A ganina an saurari likita, an saurari uwa mai biyan kuɗi, amma mai sa kayan ba a tambaye shi ba. Wannan laifi ne da telolin yara muke yi har gobe. Ana kawo yaro awo, sai mu yi ta magana da babansa ko mamarsa, shi kuma yana tsaye hannu a sama. Ba ma cewa ya tsuguna mu gani, ba ma tambayarsa ko zai iya kwance wandon da kansa in fitsari ya matse shi a makaranta.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu abin ya ƙara tsanani, musamman bayan Japan ta kama Malaya (wani yanki na Malesiya ta yau) a 1942, inda ake samun roba mai yawa. Igiyar roba ta yi wuya, iyaye mata suka koma gyara da dabara. In ƙullutun maƙali ya ɓace, sai a sa maɓalli ko ƙaramin kwabo a ƙarƙashin safar a zura madaukin a kansa. Wasu kuma su ɗinka wa safar maɓalli kawai su haɗa da ƙyalle mai huda.

Ƙarshen labarin shi ne ya fi ba ni mamaki. Kusan shekara tamanin kamfanoni suna gasar gyara maƙali da igiya da maɓalli, amma abin da ya kashe matsalar daga wajen zare ya zo. Masanan kamfanin DuPont sun haɗa nailan a 1935, aka fara sayar da safarsa a faɗin Amurka a 1940. Daga baya aka samu hanyar murɗa zaren nailan ya riƙa miƙewa yana komawa, irin wanda aka sayar da sunan Helanca. A 1958 Joseph Shivers, shi ma a DuPont, ya samar da zaren da aka sani da Lycra. Da zare ya iya kama jiki da kansa, sai aka haɗe safa biyu da ɗan kamfai suka zama abu guda mai hawa har ciki. Daga ƙarshen shekarun 1950 wannan ta fara mamaye kasuwar yara a Jamus da maƙwabtanta. Ga kuma gidaje da azuzuwa sun samu na'urar ɗumama ɗaki, ga dogon wando ya zama kayan yara na yau da kullum. Cikin ɗan lokaci 'yar rigar nan da igiyoyinta suka zama kayan gidan tarihi.

Mu a nan ba mu da matsalar doguwar safa, zafi ya raba mu da ita. Amma jikin ɗan shekara huɗu iri ɗaya ne a Kano da Hambug ta Jamus, kuma wandon 'yan nazare yana zamewa saboda dalilin da ya sa safar can take zamewa. Yawancinmu maganin da muke yi shi ne mu ƙara matse roba, wato dai zoben cinyar nan da aka gwada aka bari. Yanzu idan ƙananan yara ne, nakan ɗaga ƙugun wandon ya hau saman cibiya, in sa roba mai faɗi maimakon siririya, domin mai faɗi tana riƙewa ba tare da ta nutse cikin fata ba. In makaranta ta yarda, 'yan mata ƙanana nakan yi musu riga mai ratayuwa a kafaɗa maimakon siket. Duk inda maɓalli zai sha ja, sai na sa masa ƙyalle mai ƙarfi ta ciki. Robar kuma nakan bar mata 'yar ƙofa a cikin ƙugun, yadda idan ta saki uwa za ta zare ta ta zura sabuwa ba sai an farke wandon ba.